Daga Gandu Zuwa Kamfani: Hakkin Shugaba A Kan Ma'aikacinsa

(Laccar da aka gabatar a zauren ƙungiyar ɗalibai)



An roƙe ni in yi magana a kan yadda shugaba zai kyautata wurin aiki, har ma'aikata su yi aiki da zuciya ɗaya, amfani kuma ya yawaita. Na san da yawanku kuna tsammanin in ɗauko muku misali daga Amurka ko Ingila. To, ni gona zan kai ku.

Wanda duk ya bi hanyar Dambatta ko ta Bichi da damina, ya san irin ƙasar da nake nufi. Tun daga Ungogo har Minjibir da Dawakin Tofa, gona na jingine da gona, da wuya ka ga saura. Jama'a sun yi yawa, fili kaɗan ne, amma shekara da shekaru ana noma wuri guda bai mutu ba, saboda takin da ake kai masa a mangala bisa jakuna, da gawo da ɗorawa da aka bari a tsaye, da gero da dawa da wake da ake haɗawa a kunya ɗaya. Wannan ne ya ba masana mamaki, har Michael Mortimore ya yi bincike a ƙasar Ungogo, aka buga sakamakonsa a 1965. Abin tambaya shi ne, wane tsari ne ya riƙe hannuwan da suka yi wannan aiki?

Amsa ita ce gandu. Gandu kuwa yarjejeniya ce tsakanin maigida da 'ya'yansa ko ƙannensa, ko da yake ba a rubuce take ba. Su za su yi masa aiki a babbar gona tun da safe har wajen azahar. Shi kuma ciyarwa tana wuyansa, haka iri da kayan aiki, da kuɗin auren fari, da ragon suna, da haraji kafin gwamnatin Abubakar Rimi ta soke shi a 1979. Daɗin daɗawa, sai ya yanka wa kowannensu gayauna, watau 'yar gonar da zai noma da yamma, abin da ya samu kuwa nasa ne, maigida ba ya sa hannu.

Ku dubi hikimar da ke ciki. Kowa ya san abin da ake binsa, ya kuma san abin da yake bi. Maigida yakan riga kowa isa gona, saboda haka umurninsa ke da nauyi. Sa'an nan gayauna ta sa yaro ya san cewa guminsa ba duka ne ke tafiya rumbun wani ba. Ran da maigida ya fara sayar da hatsin gandu don biyan bukatar kansa, ko ya yi ta jan auren ɗansa shekara bayan shekara, ran nan gandu ya fara tsagewa. Yaro ba zai yi gardama ba, don kunya. Kaka na yi sai ya tafi cin rani, daga nan ba a sake ganinsa sai da Sallah.

Fatake ma a kan wannan turba suka gina harkarsu. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji, ya rasu a 1955, ya fara da fataucin goro a Gwanja. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ciniki ya koma kan gyada, shi kuma ya zama babban mai saye. Ba shi da ikon zama a kowace kasuwar ƙauye a rana ɗaya. Yaransa ne ke shiga lunguna da kuɗinsa a hannu, su auno, su kawo. Dalar gyadar da muke gani a hotuna, a kan amana aka ɗora ta. A al'adar fatauci kuwa, ubangida nagari shi ne wanda zai riƙe yaro, ya koya masa, ya yi masa aure, a ƙarshe ya ba shi jari ya sallame shi. Da yawan waɗanda ya tsayar da ƙafafunsu ake auna girmansa.

Kada ku ce ina yabon da ne kawai. Tsarin yana da aibu. Tun da ba a rubuta kome ba, mai ƙarfi ne ke fassara alkawari, kuma sau da yawa ba a ƙidaya wahalar mata a sussuka da surfe. Aikinku ne, ku da kuka yi karatu, ku ɗauki ruhin abin, ku gyara gangar jikinsa. Ina ba ku shawara huɗu.

Na farko, ku bayyana sharaɗi tun ran da aka ɗauki mutum, a rubuce, da harshen da yake ji. Na biyu, ku biya lada a kan kari. Lebura mai dakon buhu a kasuwar hatsi ta Dawanau ba shi da ajiya a banki, abin da ya samu yau shi za a dafa da dare. Na uku, ku ba kowa gayaunarsa: kaso daga riba, ko horo, ko ƙarin girma wanda ya san zai samu in ya ƙoƙarta. Na huɗu, in za ku yi faɗa ku ja mutum gefe, in za ku yaba ku yaba a gaban jama'a. Bahaushe yakan jure yunwa, amma wulakanci ba ya manta shi.

'Yan'uwa, nan da shekaru kaɗan wasunku za su riƙe masana'antar casar shinkafa, wasu gonar kaji, wasu kuma sashe a ma'aikata. Za a ba ku masinja da direba da akawu, waɗansunsu sa'o'in iyayenku ne. Digiri zai ba ku kujera, amma ba zai sa mutum ya tsare muku dukiya a bayan idonku ba. An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ya rena masu taya shi ɗauka, a kansa jinkar za ta faɗo.

 Allah Ya ba mu ikon riƙe amana.