Kayan na Manya ne, Addar ce ta 'Ya'yanmu

Ina gaida sarakunan zango da malamanmu da iyayenmu mata, da ku samari da ke tsaye can baya, don zancen yau ya fi shafarku.

A watan Janairun 2022 kowa ya ga bidiyon nan: ƙungiyoyin samari biyu sun kaure da faɗa tsakanin Nima da Maamobi da rana tsaka, adda na walƙiya, bindiga na tashi, masu shaguna suna ta jan ƙofa. Aka wayi gari ana cewa zango ya lalace. To, yaron da kuɗin waakye ke gagararsa, wa ya saya masa bindiga?

Mu duba inda babban kaya ke bi. A 2005 aka kama ɗan majalisa mai ci, Eric Amoateng na Nkoranza ta Arewa, a Amurka kan safarar heroin, aka ɗaure shi shekara 10. A 2006 jirgin ruwa MV Benjamin ya shigo ruwan Ghana da ƙunshi 77 na hodar ibilis, kusan duka suka yi ɓatan dabo, har aka kafa kwamitin Mai Shari'a Georgina Wood. A Maris ɗin 2025 an tare motar tifa a Cape Coast, an binne fiye da tan 3 na hoda a ƙarƙashin yashi. Irin wannan ciniki ba a lungu ake ƙulla shi ba. Sai da jirgi, da hatimi, da jami'in da zai kau da kai a tashar Tema ko filin jirgin sama. Wanda ke son ganin ƙarshen wannan hanya ya dubi Guinea-Bissau, inda a Maris ɗin 2009 aka kashe babban hafsan soja da Shugaba Nino Vieira, ba a kwana biyu tsakani ba, a ƙasar da masu hoda suka riga suka yi wa sojanta da siyasarta kaka-gida.

Mu a zango ragowa ke faɗo mana: wiwi, da tramol, da wannan ja da ake kira Red. Hukumar kula da abinci da magunguna ta amince da tramol mai ƙarfin 50 da 100, amma abin da ke yawo a aljihu 225 ne. Binciken BBC na Fabrairun 2025 ya bi sawun wasu ƙwayoyin tun daga Tamale har wani kamfani a Mumbai ta Indiya. Kun san yadda abin yake. Yaro ya jefa ƙwaya a kwalbar lemon ƙarin kuzari, ya girgiza, ya kurɓa, anjima ka same shi a tashar trotro yana barci a tsaye, silifas ɗaya a ƙafa. Wannan yaron ba ya tsada. Yau dillali ya aike shi, gobe mai rigimar fili ya ɗauke shi gadi, ranar zaɓe ɗan siyasa ya cusa shi a mota. A ganina barazanar tsaron ke nan: runduna mai arha wadda kowane mai kuɗi ke iya haya.

Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mun san gidan da ake sayarwa, mun san majalisar da ake sha. Da an kama dillali, mu ne a ofishin 'yan sanda kafin la'asar, da babbar riga, muna cewa ɗanmu ne, a rufa asiri. Mai sha a taimake shi, mara lafiya ne, kuma dokar 2020 da ta kafa hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NACOC ta karkata wajen tara da magani a madadin kurkuku ga mai sha. Mai sayarwa kuwa, ranku ya daɗe, ku daina saka rawaninku a belinsa.

Abin da zan roƙa a rubuta a takardar wannan taro: Asusun Raya Zango ya gina wurin jinyar masu shaye-shaye a nan Ayawaso, don ba kowace uwa ke da kuɗin kai ɗanta asibitin Pantang ba, kuma NACOC ta riƙa faɗa mana kowace shekara masu kaya nawa kotu ta ɗaure, ban da 'yan aike.