Ko Direba Zai Yi Wa Yaro Aiki?

Jawabin magatakardan ƙungiya a taron zagayowar ranar kafa ta

 



Ni ba gwanin jawabi ba ne, aikina littafi da biro. Shugaba ne ya ce in tashi in faɗi abin da ya fi yawan zuwa ofis a 'yan shekarun nan, tunda duk wanda ya kawo ƙara a gabana yake fara zama. To, abin da ya fi zuwa tambaya ce guda, sai dai kowa da yadda yake yin ta. Matashi ya shigo ya ce, "Malam, ka samo mini direba mai amana, na gaji mota babu mai ja." Direba kuma ya shigo ya ce, "Malam, yaron nan da aka bar wa motocin marigayi, ka ga in zauna ko in nemi wani wuri?"

Maganar ta shafe mu duka, har wanda bai taɓa mallakar ko taya ba. Iyayenmu da suka fara wannan harka suna ta manyanta, wasu Allah Ya yi musu rasuwa, Allah Ya jiƙansu. Idan aka raba gado, motar ko dai a sayar, ko ta faɗa hannun ɗa mai shekara ashirin da 'yan kai. Idan direbobi suka ƙi zama da shi, motar ta kwanta a gareji, daga nan sai a sayar wa wanda ba ɗan wannan hanya ba. Ranar da kika tara ayarki da wakenki a Maraɗi kina neman motar Dawanau, Hajiya, ranar za ki gane an rage mota ɗaya, kuma kuɗin lodi ya tashi.

Amsar da na gani a littafina ita ce: direba zai yi wa yaro aiki. Na zauna na bi ƙorafe-ƙorafen da na rubuta da hannuna, ban tuna wanda ya ajiye makulli saboda shekarun mai mota kawai ba. A baki yakan ce, "Ni ba zan yi wa sa'an ɗana aiki ba," amma in ka ba shi ruwa ya sha, ka bar shi ya huce, sai ainihin dalilin ya fito.

Bari in ba ku misali, ba zan kama suna ba, kuma don Allah kada a fara waige-waige. Wani dattijon direba ya taso daga Maraɗi da lodin wake, kuloci ya ƙone masa kafin ya kai Ɗan Isa, bayan la'asar. Ya kira mai motar, yaro ne da bai daɗe da gama makaranta ba. Yaron ya ɗauka, ya yi masa sannu cikin ladabi, ya ce zai tura kuɗi. Ya kuwa tura, amma naira ya tura cikin asusun banki, shi kuma bakanike a can sefa yake so a hannu. Da kuɗin bai isa ba, aka sake kira, sai yaron ya ce, "Bari in tambayi Yaya." Yaya ya ce a tambayi Hajiya. Hajiya ta ce a bari sai kawunsu ya dawo daga tafiya. Kwana uku mutumin nan yana gindin mota shi da yaron motarsa, kayan mutane a kai, mai kaya yana kiransa yana faɗa masa baƙar magana. Da ya dawo ya sauke kaya, ofis ya zo ya ajiye makulli a kan teburina. Abin da ya ce mini shi ne, zamanin marigayi, in ya kira sau ɗaya, magana ta ƙare, ko a ce gyara ko a ce jira ga wane nan zuwa.

Wannan shi ne babban abin da direba yake dubawa. In ya lalace a daji, wa zai kira, kuma wanda ya kira ɗin yana da iko da kuɗin ko sai ya je ya yi shawara da gida? Kowa a nan ya san halin da hanyar Katsina zuwa Jibiya take ciki idan dare ya yi. Mutumin da ya bar iyalinsa ya hau wannan hanya ba zai jure a riƙa miƙa shi daga hannu zuwa hannu ba. Saboda haka, 'ya'yan marigayi, in kun bar mota a hannun ɗayanku, ku ba shi wuƙa da nama, ku yi lissafinku a ƙarshen wata. In ba za ku iya ba, gara ku sayar ku raba tun ana ganin mutuncin juna.

Sai maganar baki. Akwai direban da shi ya riƙa kai yaro makarantar firamare, yau yaron ne mai biyansa. Ba laifi ba ne, haka Allah Yake ikonSa, kuma Hausawa sun ce yaro da gari abokin tafiyar manya. Amma ba su ce ya zama ubansu ba. Na ga wanda ya tsaya a tsakiyar tasha, gaban 'yan kamasho da masu shayi, ya kira mai furfura da sunansa gatsal yana tambayarsa ina ragowar kuɗin hanya. Kuɗin da ake magana a kai bai kai na buhun gawayi ba. Direban ya ciro ya ba shi, washegari bai fito ba. Na kuma ga wani, shekarunsu ɗaya da wancan, da yake ce wa direbansa Baba, shi kuma direban yana ce masa Alhaji Ƙarami. Lissafi yana nan daram, ba ya yafe ko sisi, amma a cikin shago yake yi, ƙofa a rufe, su biyu. Yau direban nan ko an yi masa tayin ƙarin albashi a wani wuri ba ya kulawa.

Akwai kuma na'urar nan da matasa ke maƙala wa mota, wadda direbobi ke ce wa tiraka. Ni ban ga aibunta ba, in aka sace mota ita ce ke nuna inda take. Aibun yana wajen wanda ya kwana yana kallon waya, mota ta tsaya minti ashirin ya bugo yana cewa me ka tsaya yi. Wayar ba za ta gaya maka salla ya tsaya yi ba, ko jandarma ne suka riƙe takardu, ko layin duwan ne ya kai inda ya kai. Shawarar da nake ba kowane matashi da ya zo wurina ita ce ya hau gaban motarsa, ya yi sawu biyu ko uku, zuwa da dawowa. Ya ƙirga shingaye da idonsa, ya ga abin da ake bayarwa wanda ba a ba da rasiti, ya kwana a kan tabarma a ƙarƙashin bodi. Wanda ya yi haka, ba a cika cutarsa ba, kuma ba ya zargin mutum a kan abin da ba laifinsa ba.

Mun ga gwaji a kan iyaka wanda ya tace masu motoci, manya da yara. An rufe iyakokin Najeriya a watan Agustan 2019. Illela da Maigatari suka buɗe a Disambar 2020, Jibiya kuwa sai Afrilun 2022. Ba mu gama farfaɗowa ba aka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, aka sake rufewa, sai a watan Maris na 2024 aka buɗe. Kun tuna yadda motoci suka yi jerin gwano a bakin iyaka, albasa tana ruɓewa a cikin buhu. A wannan lokaci na san dattijo mai motoci da yawa da ya kashe wayarsa, direbobinsa suka riƙa cin bashin mai tuwo. Na kuma san yaron da motocinsa biyu ne kacal, ya ɗauki ƙafa ya je har inda suka maƙale, ya ce wa direbobinsa ba shi da cikakken albashi, amma ga rabi duk wata, ga kuma buhun gero an kai gidan kowa. Da aka buɗe hanya, direbobi ne suka riƙa zuwa suna tambayarsa ko zai ƙara mota. Ba ina cewa duk yara haka suka yi ba, akwai waɗanda suka gudu tun a makon farko. Amma direbobi sun riƙe sunayen waɗanda suka tsaya, kuma ban ji suna haɗawa da shekarun kowa ba.

Yanzu iyayena direbobi, ku yi mini haƙuri, zan juyo kanku. A cikinku akwai waɗanda in suka ga mai mota yaro ne, sai su mayar da shi saniyar tatsa. A zuƙe gas a sayar a hanya, a ce mota tana shan mai. A ɗauko lodin dawowa a ce fanko aka dawo. A canja sabuwar taya da tsohuwa. Na san akwai ɗan abin da al'ada ta bari, fasinja ɗaya ko biyu, ko ɗan ƙunshin da aka saƙala a gefe, wanda iyayenmu suke kawar da kai. Wannan daban, wancan sata ce. Ku tuna a cikin motar nan akwai rabon ƙannensa ƙanana da ba su san komai ba, da na gwauruwar da ke takaba. Kuma duk lokacin da aka yi wa yaro ɗaya haka, sai ya gaya wa sa'o'insa goma, su kuma su zo suna zargin direban kirki da bai ci nanin ba. Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, gaskiya ne, to a nuna masa, kada a ci da shi.

Ranka ya daɗe shugaba, ina da roƙo ga ƙungiya. Yawancin rigimar da nake rubutawa, asalinta ba a rubuta komai ba tun farko. Zamanin iyayenmu baki ya isa, domin sun yi shekara talatin tare. Tsakanin matashi da direban da bai saba da shi ba, ina roƙon a riƙa zuwa ofis a rubuta: nawa ne albashi da ranar biya, nawa ne kuɗin hanya a kowane sawu, yaya za a raba lodin dawowa, wa ke biyan yaron mota, me za a yi in mota ta kwanta ko an rufe iyaka. Takarda ɗaya ce, da Hausa, kowa ya sa hannu ko ya dangwala, dattijo ɗaya daga cikinmu ya zama shaida, kuma shi za a fara kira in an saɓa.

Roƙo na biyu ya fi shafar 'yan'uwanmu na ƙetare. Da a ce yaron da na ba ku labari ya san ɗan kasuwa ɗaya a Maraɗi da zai kira ya ce a ba direbana sefa kaza, ni zan biya naira a Kano, da motar nan ba ta kwana ba. Mahaifinsa yana da irin waɗannan mutane a kowane gari, amma ba a gadar su a cikin takardar rabon gado. Mu ne za mu haɗa shi da su. Ina so a samu mutum biyu a Maraɗi, biyu a Ƙonni, biyu a Damagaram, haka nan a Jibiya da Illela da Maigatari, waɗanda ƙungiya za ta tsaya musu, su kuma su tsaya wa duk motar ɗan ƙungiya da ta lalace a yankinsu. Yadda za a yi da canji, tunda kullum yana hawa da sauka, wannan na bar wa dattawa da ma'aji.

Na riga na tsara samfurin takardar yarjejeniyar, tana wurina. Duk mai son gani, ko wanda zai ba da sunansa cikin masu tsayawa, ya same ni a teburin bakin ƙofa bayan sallar la'asar. In na faɗi abin da ya ɓata wa wani rai, a yafe mini. Allah Ya kai kowa gida lafiya.