Keke Da Yawon Buɗe Ido A Jos: Jawabi Ga 'Yan'uwa Mazauna Kudu



Allah ya hore wa Jos abin da Ikko ba ta da shi, watau sanyin iska, domin garin yana bisa tudu mai tsawon kimanin mita 1,200. Mai keke yana iya tashi daga Gidan Kayan Tarihi, wanda aka buɗe a 1952, ya nufi duwatsun Shere ko na Riyom, zafi bai galabaitar da shi ba.

Baƙo mai mota wucewa yake yi. Mai keke kuwa yakan yada zango a ƙauye, ya sayi dankalin Turawa, ya biya mai faci. Kuɗinsa a hannun talaka yake kwana.

Saboda haka muna roƙon Gwamnatin Jihar Filato ta keɓe wa kekuna gefen titi, ta kuma kafa alamun gargaɗi a bakin kududdufan da haƙar kuza ta bari.

Amma rikicin 2001 ya koya mana cewa baƙo ba ya zuwa inda hankali bai kwanta ba. To, ku mazauna Agege da Sabo ta Badun, in kun zo ganin gida, ku zama masu sulhu.

Wassalam.