Jawabin Kwamitin Sufuri: In An Ɗaga Mota, A Gyara Mata Sitiyari

'Yan mintoci aka ba mu, za mu yi amfani da su kan abin da ke cinye mana tayoyi, wani lokacin ma ya taɓa rai.

Yawancinmu mun ɗaga motocinmu, kuma da dalili. Duk mai bin Jibiya zuwa Maraɗi, ko Maigatari zuwa Damagaram, in ya sauka daga kwalta ya nufi kasuwannin ƙauye, ya san yashi da kwazazzabai. Sai a ƙara ganyen sifirin, a sa doguwar shokazoba, a sallami bakanike a kama hanya. Alhali rabin aiki aka yi.

Ku dubi babur. Ƙafarsa ta gaba ba a tsaye cak take ba, ta ɗan kwanta baya, shi ya sa yake miƙewa da kansa. Mota ma tana da wannan kwanciyar, makanikai na ce mata kasta. Land Cruiser 79 aksil ɗinta na gaba guda ne, hannuwa biyu ke riƙe da shi. Da an ɗaga ta sai hannuwan su sunkuya, aksil ya mirgina gaba, kasta ta ragu. Daga nan mota ta fara yawo a kan kwalta, direba ya sha kwana sitiyari ya ƙi dawowa. In ɗagawar ba ta wuce santimita 5 ba, bushin gyaran kasta na kamar digiri 2 yakan wadatar. Akwai kuma sandar nan ta gicciye, panhad, wadda ke jan aksil gefe guda bayan ɗagawa. A canza ta da mai zare, wadda ake iya tsawaitawa.

Hilux ta 2005 zuwa yau daban ce, kowace tayar gaba da nata hannuwan. Ana gyara ta da kusoshin saiti na hannun ƙasa. Amma in aka zarce santimita 5 da yawa, boljoyin na sama ya kai maƙura, robar shaf ta yi ta yagewa. Shawararmu, kada a kai can.

Masu ɗaga baya kaɗai saboda lodi, kada ku ce ba da ku ake ba. Da kaya motar lafiya lau. Ranar dawowa ba kaya, baya ya tashi, hanci ya duƙa, kasta ta ragu, kuma ranar ce direba ke gudu.

A bari sabon sifirin ya zauna na 'yan kwanaki kafin a je alaimen. A fara da kasta, sai kamba, wato tsayuwar taya, a ƙare da saitin tairod, domin taɓa na farkon yana ɓata na ƙarshen. Wanda ya juya tairod kawai ya ce an gama, ku sake gareji. A duba tiyon birki ma, kada ya ɗame in taya ta faɗa rami.

Alhazai masu motoci, in direba ya ce mota tana yawo, ba raki ba ne. Ku shafa tayar gaba da hannu. In gefe ɗaya ya cinye ya bar ɗaya, kada a yi mata lodi sai ta je alaimen.