Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu A Kan Motsa Ƙafa Bayan Karayar Yatsa

Karayar yatsan ƙafa abu ne da mutane su kan raina. Doki ya taka mutum, ko taɓarya ta faɗo masa, ko ya yi tuntuɓe a kan hanyar gona, sai a ɗaure, a ce ai ƙaramin abu ne. Ƙashin kam ya kan haɗe cikin mako 4 zuwa 6, amma gaɓar da ta daɗe ba ta motsa ba sai ta sanƙare, naman ƙafa ya yi rauni, mutum ya koyi ɗingishi. Manomin da wannan ya same shi gab da damina huɗa za ta gagare shi.

Kowace ƙafa tana da ƙasusuwa 26, kuma 14 daga cikinsu na yatsu ne. Babban yatsa shi ya fi muhimmanci, gama da shi a ke tunkuɗa ƙasa a kowane taku. Saboda haka karayarsa sai an kai asibiti. Ƙananan yatsu kuwa, galibi a kan ɗaure karyayyen tare da na kusa da shi, a sa auduga a tsakani, a sa takalmi mai taurin ƙasa.

Tun a kwanakin farko majinyaci ya riƙa jujjuya idon sawunsa yana zaune, ƙafar a ɗage bisa matashi domin kumburi ya saɓe. Yatsan kansa kada a lanƙwasa shi sai likita ya yarda. Sa'an nan ya kama shi da hannu, ya tanƙwara sama da ƙasa sannu a hankali, kamar sau 10, safe da yamma. Idan wannan ya yi sauƙi, sai ya shimfiɗa tsumma a ƙasa ya riƙa tattaro shi da yatsu, ko ya tsinci tsakuwa da su yana zubawa a ƙwarya. Daga baya ya dafa bango ya yi ɗage, ya sauko a hankali, har ya kai ga tsayawa da ƙafa ɗaya. Ɗan ja da a kan ji ba laifi ba ne, amma zafi mai suka alama ce ta a dakata. Sujada tana tanƙwara yatsu ƙwarai, ita ce ma ta kan nuna wa mutum ko gaɓar ta saki.

Abin da a ke roƙon Hakimai shi ne su gargaɗi dagatai da masu ɗori a kan ɗauri mai tsanani, domin yana hana jini gudu. Yatsan da ya yi baƙi, ko ya mutu ba a jin taɓi, ko ya karkace, ko akwai rauni mai mugunya, a gaggauta kai mai shi asibiti. Mai ciwon sukari kuwa, ko da ƙaramin yatsa ne, kada a jira ko kwana ɗaya.