Jawabin Shugaban Taro a Bikin Yaye Sababbin 'Yan Kwana-kwana

 

Muna yaba wa Hukumar Kashe Gobara bisa horon da ta ba waɗannan matasa, da gyaran ɗakunan karatu da na kwana, da sababbin kayan sarki da muke gani a jikinsu. Allah ya saka da alheri.

Zan ja hankalinku zuwa wani gini da ke titin Hill a birnin Singafo, tashar kashe gobara mafi daɗewa da ta rage a ƙasar. An kafa rundunar kashe gobara ta birnin a 1888, amma sai da Montague Pett ya zo daga Ingila a farkon ƙarni na 20 ya matsa wa hukumar gari, aka gina wa rundunar wannan mazauni a 1909, aka kuma sauya kekunan dawaki da motoci. Wanda ya dubi ginin zai ga cewa aiki ne ya zana shi. Ƙofofin ƙasa manya ne, suna fuskantar titi don mota ta fita ba tare da juyi ba. An yi wa ma'aikata masauki a harabar, saboda gobara ba ta jiran mutum ya taho daga unguwarsu. Hasumiyar kuwa, mai tsayin kusan mita 34, nan mai tsaro yake tsayawa yana duban hayaƙi. Adon bangon shi ne jan bulo da ratsin farin shafe. A Yaƙin Duniya na Biyu an rufe shi da koren fenti don ɓad da jiragen Japan, duk da haka bama-bamai sun same shi, bai kuma daina aiki ba. A 1998 aka sa shi cikin gine-ginen tarihi na ƙasa.



Abin da ya raya ginin nan fiye da shekara 100 shi ne kuɗin kulawa da ba su yanke ba, kuma a kan wannan nake son mai girma Kwamishina ya saurare ni. Za a ce Singafo ƙasa ce mai arziki. Haka ne a yau. To amma a 1961 gobarar Bukit Ho Swee ta cinye unguwar gidajen katako, ta bar mutum kusan 16,000 ba matsuguni, wato tashar ta yi aiki a garin da talakawansa ke cunkushe kamar na kowane gari. Za a kuma ce tsohon gini sai ajiyar kayan tarihi. Lallai akwai ɗakin tarihi a wani ɓangarensa, amma har gobe motoci na fita daga ƙofofinsa in an buga waya. Wayar ta karɓe aikin hasumiya, na yarda. Ba ta karɓe aikin makaniki da tankin ruwa da man mota ba, kuma waɗannan su ne ake fara yankewa idan kasafi ya matse, domin ba a yanka musu ƙyalle a gaban kyamara. Duk wanda ya tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 ya san dukiyar da dare ɗaya ke lashewa. Saboda haka roƙona ɗaya ne: a ware wa gyara da mai da ruwa layinsu na kansu a kasafin baɗi, a kuma sake su wata-wata, kada Daraktan Hukumar ya riƙa zarya a ma'aikatar kuɗi da fayil a hammata. Na ga Babban Sakatare yana murmushi, na ɗauka ya amince ke nan.

Ku da aka yaye, Allah ya tsare ku, ya yi wa aikinku albarka. Sarkin taro, a fara kiran sunaye don karɓar takardun shaida.