TANADIN GUZURIN HAJJI DA HAƘURIN MURIDI

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku shehunanmu, muƙaddamai, da sauran ihwani maza da mata, babu zawiyar da za a shiga a rasa wanda begen Ɗakin Allah da Rauda ke hana shi barci, alhali aljihunsa bai kai ba. Da irin wannan bawan Allah nake son yin magana a yau.

Mu tuna yadda magabatanmu suka yi wannan tafiya. Mutum yakan bar Kano ko Katsina a ƙasa, ya ratsa Barno da Wadai da Darfur, duk inda guzuri ya ƙare sai ya yada zango. Ya yi noma, ya yi ɗinki, ya yi ga-ruwa, in ya tara na gaba ya ɗaura kaya. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a Sudan a 1925, da yawa a can suka yi ƙwadago kafin su kai Suwakin su hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Wani sai ya shekara biyar a hanya, wani ya tafi da goyo ya dawo da saurayi, wani kuma a can Allah Ya karɓi abinsa. Malamanmu na Malikiyya ba su ga aibin haka ba, domin a wurinsu mai lafiyar tafiya da ƙafa, wanda ke da sana'ar da za ta ciyar da shi a hanya, yana cikin masu iko. Shehu Umarul Futi ma ta ƙasa ya je, kuma a kan hanyarsa ta komawa ne ya zauna shekaru a Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Mu a yau jirgi ne na 'yan sa'o'i, wahalarmu ta koma ga tara kuɗin. Kujerar da aka sanar a 2023 ba ta kai naira miliyan 3 ba, amma a 2025 ta haura miliyan 8. Saboda haka wanda ya cusa takardun kuɗi a asusu ko ƙarƙashin katifa, yana barci darajarsu tana zagwanyewa. Gara a juya su zuwa abin da ke riƙe daraja: ɗan maraƙi, tumaki, hatsi a lokacin kaka, ko zinari ga iyayenmu mata. Akwai kuma shirin adashen gata da Hukumar Alhazai ta Ƙasa ta ƙaddamar tare da Bankin Jaiz a 2020. Mutanen Malesiya sun riga mu, tun 1963 suke da irin wannan asusu, Tabung Haji.

Sai dai, 'yan'uwa, tanadi yana da ladubbansa. Kada a ƙuntata wa iyali a ci da sutura don a cika asusu, ciyar da su wajibi ne na yau. A sauke bashin mutane tukuna. A tsarkake abin da ake zubawa, kada tauye mudu ya shiga guzurin Arfa. Abin da aka fi mantawa kuwa shi ne zakka: kuɗin da ya kai nisabi, shekara ta zagayo masa, sai an fitar da ɗaya cikin arba'in, ko da sunan hajji aka ajiye shi. Wannan yana yi wa mai tari nauyi ƙwarai, na sani, amma hukuncin ke nan.

Ga masu gaggawar ziyarar Fas ko Kaulaha kuma, ziyara alheri ce babba, amma ba ta gaban farali. Wanda bai sauke farali ba, ya fara da shi.

Muridin da ya saba da lazimi safe da yamma bai kamata zubin mako-mako ya gagare shi ba. Ina roƙon muƙaddamai su naɗa amintattu biyu a kowace zawiya, da littafin rubuta zubi, a riƙa karanta lissafi a gaban jama'a bayan zikirin Juma'a.

Allah Ya kai mu, Ya kai iyayenmu. Wassalamu alaikum.